Tsofaffin Taraktocin Fadamar Rima: A Gyara Ko A Yar?

Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu a farkon noman rani, zai ga fadama shimfiɗe iyakar ganinsa, manoma sun duƙufa suna gyaran fangali, injinan ban-ruwa kuma suna ta ruri ba dare ba rana. Idan kuma ya leƙa harabar wasu ma'aikatun gona da garejojin bakin hanya, zai ga wani abu dabam, wato tsofaffin taraktoci an ɗora su bisa duwatsu, tayoyinsu sun sace, ciyawa ta tsiro a ƙarƙashinsu, kaji sun mai da kujerar direba akurki. A daidai wannan lokaci kuwa akwai manomin da ya biya kuɗin haro tun makon jiya, yana zaune yana jiran layi ya zo kansa.

Ra'ayin wannan maƙala shi ne, da yawa daga cikin waɗannan taraktoci ba su mutu ba. Ƙaramin abu ne ya kwantar da su, aka kasa gano shi, ko aka gano shi aka rasa inda za a samo madadinsa, sannan aka shiga kwance musu kaya ɗaya bayan ɗaya har suka zama kwarangwal. Saboda haka, kafin a sake zuba kuɗi wajen sayo sababbi, ya kamata a ƙirga tsofaffin, a binciki ciwon kowace, a kuma adana ilimin gyaransu a rubuce. Makarantu na da rawar da za su taka a wannan aiki.

Abin da jinkiri ke jawo wa shinkafa

Mai karatu na iya cewa, mene ne abin damuwa idan tarakta ta yi jinkirin mako biyu ko uku? Amsar tana jikin shinkafar kanta. Irin da aka yafa a gadon reno ya fi kyau a dasa shi yana da kimanin kwana 21. Idan ya tsufa kafin a gyara fangali, saiwarsa takan wahala wajen cira, kuma ba ya yin 'ya'ya da yawa bayan dashe, alhali yawan 'ya'yan shi ne yawan zangarniya. Bugu da ƙari, shinkafar rani da aka makara wajen dasawa takan fitar da fure a tsakiyar zafin bazara. Masana tsirrai sun tabbatar da cewa idan zafi ya haura digiri 35 a ma'aunin Salsiyos a lokacin da furen shinkafa ke buɗewa, barbara ba ta kankama sosai, sai a sami zangarniya cike da ƙaiƙayi babu ƙwaya. A watan Afrilu kuwa, zafin rana a Birnin Kebbi da Argungu yakan wuce digiri 40.

Haka abin yake da damina. Shinkafar fadama tana bukatar ta kafu, ta yi tsayi, kafin gulbi ya kawo a watannin Agusta da Satumba. Wanda ya makara wajen shuka, ruwa kan tarar da amfaninsa yana ƙarami ya shanye shi. Ke nan haƙorin giya guda da ya karye a cikin tarakta yana iya zama buhunan shinkafa da ba su shiga rumbu ba.

Yadda aka tara su

Tarihin waɗannan taraktoci yana tafe da tarihin manufofin noma na ƙasar nan. A shekarar 1973 aka kafa hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima, aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a 1978. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 kuma gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta zo da nata shirin na bunƙasa noma. A waɗannan shekaru, da kuɗin man fetur ke shigowa, an shigo da taraktoci iri-iri, aka buɗe sassan ba da hayarsu a ma'aikatun gona. An kuma riƙa harhaɗa wasu a cikin gida: samfurin Steyr na ƙasar Ostiriya a Bauchi, da samfurin Fiat na Italiya a Kano. Ga kuma Massey Ferguson ta Ingila, wadda ta fi kowace karɓuwa a wajen manoman Arewa.

Daga 1986, da aka shiga shirin tsuke bakin aljihu, sai darajar naira ta faɗi. Dalar Amurka da ba ta kai naira ɗaya ba a 1985 ta kai wajen naira 22 a farashin gwamnati a 1993. Kayan gyara suka yi tsada, rumbunan ajiyarsu suka bushe. Su kansu kamfanonin sun sauya hannu: sashen taraktocin Fiat ya haɗe da Ford New Holland a 1991, kamfanin AGCO na Amurka ya sayi Massey Ferguson a 1994, kamfanin Case ya karɓe Steyr a 1996, babbar masana'antar Massey Ferguson da ke Kwabantiri a Ingila kuma ta daina ƙera tarakta a 2002. Jihar Kebbi, wadda aka ƙirƙira a ranar 27 ga Agusta, 1991, ta tashi ne a tsakiyar wannan hali.

Bayan shekaru sai noman shinkafa ya sake bunƙasa. A Birnin Kebbi ne Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a watan Nuwamba na 2015, a 2017 kuma aka buɗe babbar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu. Bukatar tarakta ta ƙaru, tsofaffin kuma suna nan kwance inda aka bar su.

Ƙa'idar abin da ya fi ƙaranci

Ɗaliban kimiyyar halittu sun san wata ƙa'ida da Carl Sprengel ya fara bayyanawa a 1828, Justus von Liebig kuma ya yayata ta daga baya. Ƙa'idar ta ce girman tsiro yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa, komai yawan sauran. Misalinta kamar ƙwarya ce da ta huje a gefe: komai yawan ruwan da aka zuba, ba zai wuce tsayin hujin ba.

Haka tarakta take. Tana da ɗaruruwan sassa, amma aikinta yana rataye ne a kan wanda ya fi wuyar samu. Inji lafiyayye da tayoyi sababbi ba su da amfani idan faifan kuloci ya cinye. Wannan ƙa'ida ta shafi manufar gwamnati ma. Idan abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan gyara da gwanin gano ciwo, to ƙaro taraktoci ɗari ƙarin ruwa ne kawai a cikin hujajjiyar ƙwarya.

Hanyar da ƙarfi ke bi daga inji zuwa taya

Kafin a gano ciwo sai an san lafiya. A ɗauki Massey Ferguson 135, wadda aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, mai injin Perkins na man gas mai silinda uku da ƙarfin doki kimanin 45. Injin yana juyawa wajen sau 2,000 a minti idan ana aiki. Tayar baya kuwa kewayenta ya kusa mita 4. Idan ana haro da gudun kilomita 6 a awa, wato mita 100 a minti, tayar za ta juya sau 25 kacal a minti. A raba 2,000 da 25, za a sami 80. Ma'ana, inji yakan juya sau 80 kafin taya ta juya sau ɗaya. Abin da aka rasa na sauri shi ake samu a ƙarfin murɗawa, domin ƙarfin murɗawar da ke isa tayoyin baya ya kusa ninki 80 na wanda inji ya fitar, in an cire ɗan abin da gogayya ta ci. Wannan ne sirrin da ya sa tarakta ke jan garma a ƙasa mai tauri, alhali motar da ta fi ta ƙarfin doki ba za ta iya ba.

Sassa huɗu ne ke wannan aiki a jere. Na farko kuloci, wanda ke haɗa inji da sauran sassa ko ya raba su. Na biyu giyabos, inda ƙananan giyoyi ke tura manya don rage sauri. Na uku wasu giyoyi biyu a tsakiyar aksul na baya, babba mai siffar faifai da ƙaramar da ke tura ta, waɗanda za a kira uwa da 'ya don sauƙin bayani. Su ne ke karkatar da juyin zuwa gefe, a cikin uwar kuma akwai giyoyin raba gudu da ke barin tayar waje ta fi ta ciki sauri a kan kwana. Na huɗu sandunan aksul da ke kai juyin ga tayoyi. A manyan samfura, kamar 165, akwai ƙarin giyoyin rage sauri a kusa da kowace taya. Ban da waɗannan akwai sandar PTO a baya, mai juya kayan aiki irin su injin sussuka da famfo, wadda aka daidaita gudunta a kan juyi 540 a minti.

Gano ciwo kafin a kwance

Babban kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki sifana kafin a yi tambaya. Likitan kirki ba ya fara da tiyata. Yakan tambayi majiyyaci, ya saurari ƙirjinsa, ya duba jininsa. Ɗalibin da ya taɓa gano sunan tsiro ta hanyar jerin tambayoyi masu amsa biyu, ko ganyen a jere yake ko a karkace, ko furen yana da kaza ko ba shi da shi, ya riga ya san dabarar. Kowace tambaya tana kawar da rabin zato.

A fara da kuloci. Idan aka sa garma a ƙasa, inji ya ƙara kuka amma tarakta ba ta ƙara gaba ba, aka kuma ji ƙaurin ƙuna, to kuloci ne ke zamewa. Kafin a ce faifan ya cinye, a duba fedar: dole ta kasance tana da ɗan wasa a sama kafin ta fara kamawa. Idan babu wannan wasa, kuloci yana ɗan take ne kullum, kuma saita shi aikin minti kaɗan ne da sifana. Idan saiti bai magance ba, a duba ɗan hujin da ke ƙarƙashin gidan kuloci. Man da ke ɗiga daga nan yana nuna cewa wani sil ya lalace har mai ya jiƙa faifan; baƙi ƙirin na inji ne, mai haske na giyabos ne. Wanda ya sa sabon faifai bai canja sil ba, zai sake raba taraktar gida biyu kafin kaka, domin ba a kai wa ga kuloci sai an raba inji da giyabos.

Idan kuma tarakta ta daɗe a ajiye, aka tayar da ita giya ta ƙi shiga sai ƙara, sau da yawa tsatsa ce ta manne faifan a jikin fulawil. Maganin rigakafinsa shi ne a danne fedar da itace idan za a ajiye tarakta na watanni.

Sai kuma ƙara, wadda ita ce harshen da ƙarfe ke magana da shi. Ƙarar da ke tashi sai an taka kuloci, ta boris ɗin da ke tura kulocin ce. Wadda ake ji a furi, ta ɗauke da zarar an taka kuloci, daga cikin giyabos take. Wadda ke fitowa a giya ɗaya kaɗai, haƙoran wannan giyar ne. Kukan da ake ji a kowace giya, yana ƙaruwa da gudun tarakta, yana nuni ga uwa da 'ya ko boris na aksul. Wanda ba a ji sai a kan kwana, na giyoyin raba gudu ne. Bugun da ke maimaituwa daidai da juyin taya kuwa, alamar karyayyen haƙori ne a ɓangaren ƙarshe. Idan inji na aiki, giya ta shiga, amma tarakta ta ƙi motsi, a taka fedar da ke kulle giyoyin raba gudu: in ta motsa, to sandar aksul ɗaya ce ta karye ko zarorinta suka cinye.

Akwai ma ciwon da ke firgita direba alhali ba komai ba ne. A tsofaffin Massey Ferguson, idan bakin sandar giya ya cinye yakan zame daga gurbinsa, sai tarakta ta maƙale a giya ɗaya. Gogaggen bakanike yakan buɗe murfin zuba mai, ya sa ƙarfe ya mayar da ƙugiyoyin gurbinsu. Wanda bai sani ba sai ya ce giyabos ya mutu.

Ruwan fadama da man giya

Aikin fadama yana da nasa ciwon. A samfurin 135 da danginsa, mai ɗaya ne ke wanke giyabos da aksul na baya, shi ne kuma ke ɗaga garma ta famfon haidirolik. Duk abin da ya gurɓata shi ya taɓa sassa uku a lokaci guda. Ruwa yana shiga ta robobin gindin sandunan giya idan rana ta farfasa su, da kuma sil na aksul idan ana aiki cikin taɓo. Man da ruwa ya shiga yakan koma fari-fari kamar kunu, ba ya iya raba ƙarfe da ƙarfe, sai boris su yi tsatsa, haƙoran giya su ɓarɓashe.

Gwajinsa mai sauƙi ne, har ana iya yin sa a ɗakin gwaje-gwaje na makaranta. Ruwa ya fi mai nauyi, don haka idan tarakta ta kwana a tsaye aka ɗan sassauta notin zubar da mai, ruwan ne zai fara fitowa. Idan kuma aka ɗiga man a kan ƙarfe mai zafi, mai tsabta zai yi hayaƙi shiru, mai ruwa kuwa zai yi ta tartsatsi. A duba kuma abin da ya maƙale a jikin notin, ko a ratsa maganaɗisu cikin man da aka zubar. Gari mai laushi cin yau da kullum ne. Ɓarɓashi mai kaifi ko guntun haƙori kuwa umarni ne na a kashe inji nan take. Robar sandar giya ba ta da tsada, giyoyin da rashinta ke kashewa su ne ba a samu. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wajibi ne a ja kunne a kan haɗari. Idan tarakta ta kafe a taɓo, kada a ɗaura gungume a tayar baya, kada kuma a ɗaura sarƙa a saman aksul don jan wani abu, domin idan taya ta kasa juyawa, jikin taraktar ne zai juya, ta kifa da baya a kan direba cikin abin da bai kai daƙiƙa biyu ba. Sandar PTO tana juyawa sau 9 a daƙiƙa, kuma ba ta sakin babbar riga ko rawani idan ta kama. Haka nan tayar da inji da sukurudireba daga ƙasa yana tsallake makullin kariyar da ke hana tarakta tashi a cikin giya.

Kayan gyara iri uku ne

Kalmar "babu" da ake yawan ji a bakin masu shago tana bukatar bincike, domin kayan gyara ba iri ɗaya ba ne.

Kashi na farko su ne waɗanda ba na kamfanin tarakta ba ne tun asali: boris, sil, bel da kusoshi. Ana ƙera su ne bisa ma'aunin da duniya ta amince da shi. Alal misali, boris mai lamba 6205 hujinsa milimita 25 ne, wato lambobi biyu na ƙarshe, 05, sau 5. Faɗinsa na waje milimita 52, kaurinsa 15. Mai lamba 6308 hujinsa milimita 40 ne. Wanda ya je Ƙofar Ruwa a Kano yana neman "boris na Steyr" yana iya dawowa hannu rabbana, alhali da lamba ko awo ya je da ya samu a shagon kayan mota ko na injin niƙa. Sai dai a kula, taraktocin Ingila na da, da inci aka auna kusoshinsu da wasu boris ɗinsu, na Italiya da Ostiriya kuwa da milimita. Tilasta noti na wani ma'auni a kan kusar wani ya lalata zare da yawa.

Kashi na biyu su ne sassan da aka daina yi a Turai amma ana yin su a wani wuri. Kamfanin Millat na Lahor a Pakistan da kamfanin TAFE na Indiya sun shafe shekaru da dama suna ƙera taraktoci bisa tsarin Massey Ferguson, kamfanin Al-Ghazi na Pakistan kuma bisa tsarin Fiat 480 da 640. Faifan kuloci da famfo da giyoyi da yawa na waɗannan suna dacewa da tsofaffin da ke nan. Sharaɗin shi ne a riƙe lambar jikin tarakta, a ƙirga haƙora da zarori, a auna faɗi, domin samfuri ɗaya yakan sauya daga shekara zuwa shekara. A kuma yi hattara da jabu.

Kashi na uku su ne masu wuyar gaske: giyoyin samfuran da ba su yaɗu ba, da uwa da 'ya, da gidajen ƙarfen zubi. Babu inda za a same su sai a jikin wata taraktar irinsu. A nan ne asara ta fi muni, domin duk kwarangwal ɗin da aka sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, an narkar da giyoyin da za su iya tayar da wasu taraktoci biyu ko uku. Uwa da 'ya kuwa tare ake goge su a masana'anta har haƙoransu su saba da juna, don haka tare ake canja su. Haɗa uwar wata da 'yar wata yakan ƙare da kuka da saurin ci.

Ina matsayin maƙera da masu walda? Masu injin ferar ƙarfe, irin na Panteka a Kaduna da takwarorinsu na sauran garuruwa, suna iya yin bushi da fil da zobba da sandunan haɗi masu kyau, ana kuma iya sake wa faifan kuloci fata. Amma haƙorin giya dabam ne. An ƙona fatarsa da sinadarin kabon a masana'anta har ta yi tauri ƙwarai, aka bar cikinsa da ɗan laushi don ya jure bugu. Zafin walda yana rusa wannan tsari, sai haƙorin ya karye, guntunsa ya shiga tsakanin sauran ya kashe giyabos baki ɗaya. Har ila yau, fatar tsofaffin faifan kuloci da birki tana iya ƙunsar asbestos, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da daji, don haka a jiƙa ta a goge, kada a hure ta. Tsohon mai kuma a tara shi a gwangwani. Wanda aka zubar a ƙasa ruwa zai kai shi gulbi, inda masuntan Argungu ke neman abinci, inda kuma ake bikin kamun kifin Matan Fada da aka faro tun 1934.

Hujjar masu cewa a yar

Akwai masu ganin wannan duk ɓata lokaci ne, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Sun ce tsohuwar tarakta tana shan mai, ba ta da ƙarfen kariya idan ta kife, kuma gyara yau gyara gobe yana iya fin kuɗin sabuwa. Sun ce a ƙananan fangalin fadama, ƙaramin injin huɗa da ake bi da ƙafa ya fi babbar tarakta dacewa, domin ba ya nutsewa, ba ya kuma danne ƙasa. Wannan gaskiya ne. Taraktar da gidan giyabos ɗinta ya tsage, injinta kuma ya ƙone, ba ta cancanci a kashe mata kobo ba.

Amma ba a sanin wadda ta cancanta da wadda ba ta cancanta ba sai an bincika, binciken kuwa shi ne ba a yi. Sannan sabuwar tarakta ma tsufa za ta yi. Idan aka kawo ta wurin da babu littafin gyara, babu rumbun kaya, babu mai rubuta awannin aikinta, to duwatsun da aka ɗora ta jiya suna jiran ta. Abin lura ne cewa a Amurka kanta manoma da dama sun koma neman taraktocin shekarun 1970 da 1980, saboda sababbin na aiki da kwamfutar da manomi ba ya iya taɓawa sai wakilin kamfani, har ta kai jihar Kolorado ta kafa dokar ba manoma 'yancin gyara injinansu a 2023. Sauƙin tsohuwar tarakta, wadda sifana da kunne da hankali ke gyarawa, dukiya ce ga manomin da ke nesa da wakilin kamfani. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abin da ya kamata a yi

Da farko, a yi ƙidaya. Kowace tarakta da ke kwance a ma'aikatu da ƙananan hukumomi a rubuta samfurinta da lambarta, da ciwon da ya kwantar da ita, da abin da aka cire mata. Na biyu, a raba su uku: masu tashi, da waɗanda za a ɗebi kayansu, da tarkace. Kada a yi gwanjon ko ɗaya sai an cire giyoyi da sandunan da ke da sauran rai, an wanke, an shafa musu giris, an lakaba musu suna a rumbu, ɗaya a Birnin Kebbi ɗaya a Argungu. Na uku, duk sabon cinikin tarakta ya zo da littattafan gyara da kayan canji da horar da kanikawa, a kuma taƙaita yawan samfura, domin iri goma na nufin rumbu goma. Na huɗu, kowace tarakta ta kasance da littafin da ake rubuta awannin aikinta da ranar canjin mai.

Na biyar, kuma mafi gaggawa, a rubuta ilimin tsofaffin kanikawa. Waɗanda suka koyi aiki a zamanin da waɗannan taraktoci ke sababbi sun manyanta, abin da suka sani kuma a ka yake. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi, da kwalejin ilimi ta Adamu Augie da ke Argungu, da jami'o'in jihar, suna da malamai da ɗaliban da za su iya zama da su, a fitar da jagorar gano ciwo cikin Hausa, da zane da lambobi, wadda direba zai iya sawa a aljihu.

Malamin sakandare ba ya bukatar jiran kowa. Mataccen giyabos guda da aka roƙo aka buɗe a gaban aji ya isa koyar da rabo a lissafi, da gogayya da ƙarfin murɗawa a fiziks, da tsatsa a kimiyyar sinadarai. Ɗalibai su ƙirga haƙoran giyoyi su lissafa saurin kowace giya, su auna boris su karanta lambarsa, su gwada mai a kan ƙarfe mai zafi ƙarƙashin kulawar malami. Ƙungiyar manoman makaranta kuma tana iya fara ƙidayar da taraktocin garinsu, ta miƙa wa sashen gona na ƙaramar hukuma abin da ta samu. Littafin rubutu ɗaya da ma'auni ɗaya sun isa a fara, kuma gara a fara tun kafin mai sayen gwangwan ya iso da sikelinsa.